Mai Ƙwaryar Magarya

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Gwaggo ta koma ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa a Aliero, a shekarun farko da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato. Ni ina Jega, gidan aure. Wani direban motar albasa ne ya tsaya ƙofar gidanmu ya ba da saƙon, ko injin bai kashe ba. Kafin in sami mota in isa, an riga an kai ta makwancinta. Mutanenmu ba sa ajiye gawa don jiran mai zuwa, kuma da Gwaggo ce tsaye a kan lamarin, ita ma haka za ta yi.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji. Kowa a unguwa Gwaggo yake ce mata, har liman, har ɗan da ta haifa da cikinta. Na zauna rubuta wannan ne don na ga irinta suna ƙarewa, kuma ba na so ta wuce ba wanda ya faɗi yadda take.

Na tarar da maza a ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa. Baba, ƙanenta, yana tsakiyarsu. Da na durƙusa na yi masa gaisuwa sai ya ce, "Sai haƙuri, ɗiyata. Daga yau ba ni da mai yi mini faɗa." Ya yi kamar zai yi dariya, bai yi ba, ya ci gaba da jan tasbaha.

Cikin gida mata ne cike bisa tabarmi, kowace da abin da take tunawa. Wata ta ce Gwaggo ta raba 'ya'yanta da kwarkwata a rana ɗaya. Wata ta ce ta taɓa korar ta daga bakin rijiya don ta ga tana wanke tukunya kusa da guga. Wata Bafulatana mai nono ta shigo, ta sauke ƙwaryarta, ta zauna ta yi kukanta, ta ce Gwaggo ce ta wanke mahaifiyarta, sannan ta ɗauki ƙwaryar ta tafi tallanta. Can sai wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye magana ta ce, "Ku daina ruɗin kanku. Ba ita muka wa kuka ba, kanmu muka wa. Wa za shi wanke mu yanzu?"

Gaskiya kuwa ta faɗa. Gwaggo ce mai wankan gawar mata a unguwarmu tun kafin a haife ni. Duk macen da ta rasu a wannan ɓangaren garin, hannunta ne na ƙarshe da ya taɓa ta.

Ana cikin haka sai ga Inna mai daddawa, aminiyar Gwaggo tun suna amare. Ta shigo tana dogara sanda, sanye da rigarta mai dogon hannu da mayafi lulluɓe har wuya, yadda kowa ya san ta ko ana tsananin zafi. Ba ta gai da kowa ba. Ta wuce ta tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo, ta leƙa ciki, ta ce, "Haka munka yi da ke? Haka munka yi?" Sannan ta juyo wajenmu.

"Wa yaw wanke ta?"

Aka ce, "Matar ɗanta."

"Ɗiyar Maiyama?"

"Awo, Inna."

Sai ta zauna nan ƙasa, ba ta jira tabarma ba. Ta ce, "To, ni kam tawa ta ƙare."

Duk wadda ke wurin ta gane abin da take nufi. Inna mai daddawa tana da wani abu a jikinta da take ɓoyewa shekara da shekaru. Ba wanda ya san ko mene ne sai Gwaggo. Sun yi alkawari tsakaninsu cewa Gwaggo ce za ta wanke ta, ta rufe ta, abin ya shiga ƙasa tare da ita. Ga shi Gwaggo ta riga ta. Mace ɗaya da ta rage a unguwa wadda ta san aikin ita ce matar ɗan Gwaggo, wadda abin da ta gani da safe kafin azahar ya kai har garin Sabiyal. Tana can bakin murhu lokacin, tana dama kunun baƙi. Ta ji komai, ba ta ɗago kai ba.

Zan dawo gare su. Bari in fara faɗin wace ce Gwaggo.

A Fagada aka haife ta, aure ya kawo ta Aliero. Doguwa ce, siririya, tafin hannunta fari tas saboda yawan ruwa. Ba ta da yawan dariya, amma tana da tsokana, irin wadda sai ka kai gida za ka gane an tsokane ka. Abin da ta fi sani a duniya shi ne kumfa. Ba ta kanti ba, ta daji. Takan ce, "Allah bai halicci dauɗa ba sai da ya shuka abin wanke ta kusa da ita." In muna tafiya gona ba ta wuce wani ganye da ba ta sani ba sai ta tsinke shi, ta murza shi da ɗan ruwa a tafin hannu ta ga ko zai yi kumfa. In ya yi, ta shinshina, ta taɓa a harshe, ta tofar. In bai yi ba, ta yar da shi ta ce, "Ragon banza."

Da aduwa take wankin tufafi. Takan sa a ɓamɓaro mata ɓawon, wani lokacin da saiwa, a daka a turmi, a jiƙa. In aka kaɗa ruwan sai kumfa ta taso fara, mai kauri. Rigar manomin albasa ba abin da ke cire mata wari kamar wannan ruwan, ko ni da na girma na yi amfani da sabulu iri-iri na shaida. Amma aduwa tana da zafi. In ta shiga ido sai ka kira uwarka. Ita ce kuma maganin kwarkwatar yara, shi ya sa duk yaron unguwa da ya hango Gwaggo da ƙaramar ƙwarya yake bin katanga.

Tana da doka a kan ruwan aduwa: ba a zuba shi a tafki, ba a zuba shi kusa da rijiya. Ta ce abin da ke cire dauɗa daga riga shi ke cire rai daga kifi. Wata shekara da rani wasu maza suka daka ɓawon aduwa buhu-buhu suka zuba a wani ƙaramin tafki a fadama. Kafin rana ta yi tsaka kifi ya taso sama, manya da ƙanana, ciki a sama. Baba yana cikin waɗanda suka samu rabo, ya aiko wa yayarsa da nata cikin kwando, yana jin ya yi abin kirki. Gwaggo ta ɗauki kwandon da kanta ta kai masa har gida. Ta ce, "Kifin da anka kama da sabulu ba shi shiga tukunyata. Kun kashe uwa kun kashe ɗiya, baɗi mi za ku ci? Kuma nan shanun Fulani ka shan ruwa." Baba ya ce ai ba shi ya zuba ba. Ta ce, "Kai dai ka ci." Ya ci kuwa, amma a ɓoye.

Da damina akwai wata 'yar ciyawa mai rarrafe da ake ce wa sabulun kuyangi. In mun tashi daga gona ita take tsinko mana, mu murza mu wanke hannu kafin mu ci abinci. Kumfarta ba ta da yawa, ba ta daɗewa. Gwaggo takan ce sunan ma ya nuna, sabulun wanda ba a ba sabulu ba ne.

Amma magarya ce babba a wurinta. "Aduwa ta tufafi ta, magarya ta jiki ta," in ji ta. Bayan damina, in ganye ya ƙosa, takan tsinko shi da kanta, ƙaya na karce mata hannu. A inuwa take shanya shi, don rana tana cinye masa kore. In ya bushe ta daka, ta tankaɗe, ta zuba a wata tukunya mai murfi a ɗakinta. In za ta yi amfani da shi sai ta zuba garin a ƙwarya, ta sa ruwa, ta burga da maburgi har kumfa ta hau. Kumfar magarya sanyi gare ta, ba ta cin ido, ba ta cin fata. Da ita take wanke mana kai in amosani ya kama mu, da ita take wa mai ƙuraje wanka, da ita kuma take wankan gawa, yadda malamai suka karantar.

Ba ta ƙi sabulun kanti ba, kada a yi mata ƙarya. Da garin sabulu na leda ya cika kasuwar Jega ta yi murna, ta ce turmi ya huta, ita ma ta huta. Amma gawa sai magarya. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa daga birni mahaifiyarsa ta rasu, ya miƙo sabulu mai ƙamshi cikin kwali ya ce da shi za a yi. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta yi masa addu'a, ta shiga ta yi aikinta da magarya. Da ta fito ta miƙa wa ƙannensa mata sabulun ta ce su wanke 'ya'yansu. Bai taɓa sani ba, sai in ya karanta wannan.

Garin magarya da garin kuka kuwa, in ba wanda ya saba ba, ba ya bambanta su da ido. Nan matar Yaya ta shigo labarin.

Ɗan Gwaggo taubashina ne, amma da yake hannu ɗaya ya rene mu, Yaya nake ce masa. Ya auro 'yar garin Maiyama, kyakkyawa, mai fara'a, mai son aiki, bakinta kuma ba ya hutawa. Ranar da aka fara ba ta girki tana amarya, ta shiga ɗakin Gwaggo neman kuka, kunya ta hana ta tambaya. Ta buɗe tukunya ta ga gari kore, ta ɗebo. Ta zuba a miya ta kama burgawa. Maimakon yauƙi sai kumfa. Ta ƙara gari, ta ƙara burgawa, kumfa ta cika tukunya ta fara zuba cikin wuta. Ta tsaya da maburgi a hannu tana salati. Gwaggo ta fito, ta duba tukunyar, ta dubi amarya, ta ce, "Sannu, ɗiyar Maiyama. Da ranmu za ki fara wanke mu, ta ciki?" Ranar da yaji da mai muka ci tuwo.

Abin mamaki, matar Yaya ce ta fi kowa ba da wannan labarin. Ta ba wa mai nono, ta ba wa mai kitso, ta ba wa duk wadda ta shigo aron rariya. Ba ta riƙe asirin kanta ba, balle na wani. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Magana ce kawai ke yi mata nauyi a ciki sai ta sauke.

Wankan gawa yana son mai zuba ruwa. Shekaru da yawa wata tsohuwa ce ke yi wa Gwaggo, da ta rasu sai aka rasa. Ni tsoro nake ji, na faɗa mata, ta ce ba a tilasta wa mutum wannan aikin. Matar Yaya kuwa ba ta tsoron komai, ga ƙarfi, ga sauri. Sai Gwaggo ta fara tafiya da ita. Daga wurinta na ji yadda ake yi, tun lokacin da take faɗi: yadda Gwaggo ke rufe mamaciya da zane ba ta yaye shi, yadda take naɗe hannunta da ƙyalle, yadda take yi mata alwala ta fara da dama, ta ɗebi kumfar sama ta wanke kai ta tsefe gashi a hankali kamar mai kitso na tsoron a ce ta ja, ta gama da ruwan kafur. Ta ce Gwaggo tana magana da gawa. "Juya mini kaɗan, 'yar'uwa. Yi haƙuri, ruwan da sanyi."

Akwai wata baƙuwa da ba zan manta ba. Garinmu an san shi da masu ɗori, daga nesa ake kawo waɗanda suka karye. Aka kawo wata mata da mota ta faɗi da su, tare da ɗanta namiji kaɗai. Ciwon ya fi ƙarfin ɗori, kafin a yi shawarar wucewa da ita asibiti rai ya yi halinsa. Ba mace ko ɗaya daga danginta, ɗan ko Hausa ba ya ji sosai. Aka zo aka faɗa wa Gwaggo tana tsakiyar tankaɗe. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki ƙwaryarta. Ta wanke matar, ta kitse mata gashi, kuma da aka ga ƙyallen likkafanin da aka samo bai kai ba, ta aika aka ɗauko farin yadin da ta ajiye wa kanta. Da ɗan ya zo yi mata godiya ya rasa kalma, sai ya durƙusa ya dafa ƙafarta. Ta janye ƙafar ta ce, "Tashi, ka ci abinci?" Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

To, ga faɗan. Wata mata ta rasu a unguwa, matar wani babban dillalin albasa, wadda aka sani da ƙiba da taƙama. Gwaggo ta wanke ta, matar Yaya na zuba ruwa. Bayan kwana biyu matar Yaya tana tsakar gida ana surfe, sai ta ce, "Wallahi ashe duk ƙibar nan zannuwa na! Da anka cire su, ko ni na fi ta." Aka kwashe da dariya. Ba ta yi nufin komai ba. Amma kafin a yi sadakar bakwai maganar ta kai kunnen 'ya'yan mamaciyar, babbar ta zo har gida tana kuka, ta ce wa Gwaggo, "Mun ba ki uwarmu amana."

Ban taɓa ganin Gwaggo haka ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba yarinyar haƙuri, ta durƙusa mata, tsohuwa da ita, ta raka ta har ƙofa. Sannan ta dawo ta kira matar Yaya.

"Ɗiyar Maiyama, mai rai in kin yi da shi, shi rama. Wagga da mi za ta rama?"

"Gwaggo, wasa na niy yi."

"Da wa? Ta yi dariya?"

Gwaggo ba ta jira amsa ba.

"Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Daga yau kada ki ƙara taɓa ƙwaryata."

Tun daga ranar Gwaggo ta daina cin girkinta. Tana amsa gaisuwarta, tana ɗaukar 'ya'yanta, amma in ta kawo tuwo sai ta tura wa yara, ta dama furarta ta sha. Yaya ya shiga tsakani bai ci nasara ba. Baba ya zo ya ce, "Haba Gwaggo, ai yarinya ta." Ta ce masa, "Kai je ka ci kifinka." Damina ta zo ta wuce a haka. Ni kaina na ga abin ya yi yawa, na faɗa mata. Ta ce, "Ba fushi nika ba. So nika ta ji nauyin abin, don wata rana ita za a kira." Daga baya ta koma cin tuwon, amma ƙwarya ba ta mayar mata ba. Ita kaɗai ta ci gaba da zuwa, tana wankan tana zuba ruwan da kanta, har ƙarfinta ya fara ƙarewa. Wannan taurin kai ne, kuma ba zan ce ba shi ne ya rage mata kwana a idonmu ba, ko da yake kwana na Allah ne.

Duk wannan Inna mai daddawa tana gani. Kowace Juma'a da hantsi Gwaggo takan burga magarya ta rufe ƙwaryar da faifai, ta shiga gidan Inna, su rufe ƙofar ɗaki. Tun ina yarinya nake ganin haka har na yi aure. Mata sun yi ta hasashe. Wasu suka ce ƙuna ce, wasu suka ce ciwon fata, wasu suka faɗi abin da ya fi haka muni. Inna ba ta zuwa wankan biki, ba ta cire riga gaban kowa, ko 'ya'yan mijinta ba su taɓa ganin damtsenta ba, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba. Na taɓa tambayar Gwaggo. Ta ce, "Daddawa nika saye." Na ce da ƙwaryar magarya? Ta ce, "Da ita nika biya."

Wannan ce matar da ta zauna a ƙasa ranar makoki ta ce tata ta ƙare.

Kwanakin zaman makoki mata sun kasa kunne su ji abin da matar Yaya za ta ce ta gani a jikin Gwaggo. Ba ta ce komai ba. Amma ba wadda ta ɗauki wannan a bakin komai. Suka ce uwar mijinta ce, dole ta yi shiru, hali kuwa zanen dutse. Inna ma ta aika a nemo mata wata mai wanka a wata unguwar, aka dawo aka ce matar ta tsufa, ba ta gani.

Juma'ar farko bayan an watse ina nan ban koma Jega ba. Da hantsi na ga matar Yaya ta shiga ɗakin Gwaggo, ta buɗe tukunyar, ta ɗebi gari a ƙwarya, ta burga har kumfa ta hau, ta rufe da faifai. Na ce, "Ke, ina za ki?" Ta ce, "Inda ƙwarya ta saba zuwa." Na bi ta daga nesa. Ta yi sallama ƙofar ɗakin Inna.

Inna ta ce daga ciki, "Wa ye?"

"Ni ta, Inna. Na kawo ruwan."

"Koma da abinki. Ban shirya zama labarin bakin turmi ba."

Na zaci za ta yi magana, ta kare kanta, ta yi rantsuwa, yadda na san ta. Sai ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta juyo. Da la'asar aka aiko da ƙwaryar, ruwan na ciki, kumfar ta kwanta.

Na koma Jega. Abin da ya biyo baya Yaya ne ya riƙa faɗa mini in ya kawo albasa kasuwa, don matarsa ba ta faɗa wa kowa ba, shi ma gani kawai yake yi. Ya ce kowace Juma'a sai ta kai, a dawo da ita cike. Aka ɗauki lokaci a haka. Wata rana ƙwaryar ta dawo babu ruwa. Wata Juma'ar kuma ta tafi ba ta dawo ba sai kusan azahar, hannunta a jiƙe, idonta ja. Ya tambaye ta, ta ce masa hayaƙin daddawa ne. A tsakanin nan mata biyu suka rasu a unguwa, ita aka kira don ba wata, ta je ta yi. Har yanzu tana surutunta, in ji shi, a kan tsadar gishiri da rashin kunyar 'yan mata, ba a iya barcin rana in tana gida. Amma a kan wannan, ko uffan.

Inna mai daddawa ta rasu da cirar albasa ta gaba. Wannan karon na iso da wuri. Matar Yaya ta ce ba mai shiga tare da ita. Ta rataya zane a ƙofar ɗakin, ta zaunar da ni a waje, ina miƙa mata ruwa ta ƙarƙashin zanen, tana miƙo mini ƙwarya. Ba na ganin komai. Ina dai jin motsin ruwa, da muryarta ƙasa-ƙasa tana magana da Inna. Ta daɗe ƙwarai, har maza suka aiko a ce rana na yi. Sai da ta gama sa likkafani ta ɗaure sannan ta yaye zanen.

Da aka fita da makara, mata suka matso kusa da ita. Wannan ta kawo mata ruwa, wannan ta ce sannu da aiki, wata ta ce, "Allah sarki Inna, ta sha fama da jikin nan nata, ko?" ta bar maganar a buɗe. Matar Yaya ta sha ruwa ta ce, "Allah shi jiƙan ta." Ta tashi ta je ta wanke ƙwaryarta.

Da yamma muka rage mu biyu a tsakar gidan Gwaggo, tana tsince shinkafa. Tsakanina da ita akwai wasa, ba abin da ba mu faɗa wa juna. Na ce a raina ni ai ta gida ce, kuma abin ya riga ya shiga ƙasa. Na matsa na ce, "Matar Yaya, tsakanina da ke, mi ag ga jikin Inna?"

Ta ci gaba da tsintarta har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ke ma in kin riga ni, ni ka wanke ki."

Ban ƙara tambaya ba, kuma har yau ban sani ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo da aminiyarta, ya haskaka makwancinsu. Yadda ta rufe bayinsa mata ba ta yaye ba, shi ma ya rufe ta ranar da ake yaye komai. In tamu ta zo, ya sa mu faɗa hannun da ya iya shiru.